Na je gidan su jirgin Kawu

Ranar da na je yi wa Kawu sallama a Kurna, na tarar da shi a zaure ya warware wata tsohuwar rediyo a kan tabarma, aikin da ya riƙa tun da ya ajiye kakin sojan sama. Na durƙusa na gaishe shi, na ce tafiya ce ta kama ni, zan je baje kolin injuna a Brno, ƙasar Cek. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Cekoslobakiya kake nufi?"

Na ce, "Kawu, ai tun 1993 suka raba gari da Silobakiya."

Ya ce, "Su raba ko kada su raba, can ne gidan su jirgina. In ka dawo ba ka je ka gaishe shi ba, kada ka shigo mini zaure."

Kawu makaniken jirage ne, kuma kusan duk shekarun aikinsa a sansanin sojan sama na Kano ya yi su, nan jikin filin jirgin Malam Aminu Kano. Duk yaron da ya tashi a wannan ɓangaren na gari ya san wata siririyar ƙara mai kama da fito da ke ratsa sama da hantsi. Mukan bar ƙwallo mu ɗaga kai muna ihu, ga jirgin yaƙi! In Kawu ya ji sai ya yi tsaki ya ce, "Wane yaƙi? Ɗan makaranta ne a ciki, malaminsa na zaune a bayansa yana zaginsa." L-39 ke nan, wanda masu shi suka yi wa suna Albatros. Kafin shi an yi wansa, L-29 Delfin, kuma a kan wannan ne Kawu ya fara riƙe sifana.

Maganar biza ba zan tsaya a kanta ba: takardar gayyata, takardun banki, inshora, yuro 90, sai jira. Da ta fito, na kama hanya a farkon Oktoba. Daga Kano zuwa Kaduna a mota, kuma na ƙirga shinge har na gaji na daina; direbanmu ya naɗe 'yan canji a cikin mazubin tokar sigarin mota tun daga tasha, ya san aikinsa. A Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Abuja. Can wani abokina da ya saba da Turai ya buɗe jakata, ya zaro ƙunshin kilishin da uwargida ta sa mini, ya ce nama ba ya shiga ƙasashen nan, in kwastam suka gani sai tara. Ya ce zai adana mini. Har yau yana adanawa. Abin da ya tsira shi ne yaji, dabino da garin kunu.

Ta Istanbul muka bi, muka sauka a filin jirgin Václav Havel na Prag da rana tsaka, amma rana ce irin ta hoto, ba ta da zafi ko kaɗan. Ma'aikaciyar shige da fice ta juya fasfo ɗina, ta tambayi abin da ya kawo ni da ranar komawata, ta buga hatimi. Ke nan. Na ɗan tsaya ina jiran sauran tambayoyin har na bayana ya taɓa ni.

Kwana huɗu na yi a Brno ina duba injunan sassaƙa ƙarfe waɗanda farashinsu ya nuna mini cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Abin da ya fi tsaya mini a rai a garin shi ne masallacinsu, wanda aka buɗe a 1998, ƙaramin gini maras hasumiya wanda in ba a nuna maka ba sai ka wuce shi. Sai kuma abinci. Mutanen nan naman alade da giya su ne gishirin rayuwarsu, don haka duk inda na zauna sai na yi ta tambaya kamar mai bincike. Akwai wani abu da suke kira knedlík, fulawa ce da aka turara aka yayyanka fale-fale; ina kai shi baki na ce wannan ai alkubus ne ya yi ƙaura. Miyarsa ce matsalar. Da na gaji sai na koma ga soyayyen cuku da dankali, ina zazzaga yajina a ɓoye, da kuma shagunan kebab na Turkawa da Larabawa.

Ranar Lahadi na dawo Prag a jirgin ƙasa, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku. Na kama ɗaki kusa da tashar Florenc a kan koruna 1,400 a dare, wato wajen yuro 56, tunda a lokacin yuro ɗaya yana kama koruna 25. Na daina juya shi zuwa naira don kada barci ya gagare ni. Ɗakin bai fi shagon mai shayi ba, kuma babu buta, sai gorar ruwa ta yi aikin.

Litinin da sassafe na sayi tikitin yini na koruna 120, wanda ke shigar da kai jirgin ƙarƙashin ƙasa da taragon titi da bas duka. Babu kwandasta, babu mai tsaron ƙofa. Kai ne za ka tura tikitin a wani ɗan akwatin rawaya ya buga masa lokaci, shi ke nan. Na yi ta tunanin kwana nawa wannan tsarin zai yi a layin Bata zuwa Kurna. Na bi jan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa har ƙarshensa, tashar Letňany, na hau bas zuwa Kbely, inda gidan tarihin jiragen sama yake. Na isa na tarar da ƙofa a garƙame. Ba sa buɗewa ranar Litinin. A rubuce yake ɓaro-ɓaro a shafinsu, ni ne ban karanta ba. Na ma yi sa'a, domin daga Mayu zuwa Oktoba kawai suke buɗewa. Da na makara da mako uku da sai baɗi.

Tunda yinin ya riga ya lalace, na ce bari in je inda ake ƙera jiragen. Masana'antar Aero tana Vodochody, arewa da Prag, kusa da wani ƙaramin gari Odolena Voda, kuma daga tashar Kobylisy ake hawa bas. Ban san me na zata zan gani ba. Wataƙila wani katafaren birni mai hayaƙi. Abin da na tarar shi ne gonaki da aka gama girbi aka yi musu huɗa, iska mai yanka kunne, dogon shingen waya, da rumfunan ƙarfe can nesa. Ba wurin yawon buɗe ido ba ne, ni ma ban matsa kusa da ƙofar ba, domin baƙo mai hula zanna da waya a hannu a bakin masana'antar jiragen soja, ko a gida ba dabara ba ce. Na tsaya kusan awa guda ko jirgi zai tashi. Ko tsuntsu bai yi mini kara ba. Amma daga wannan ƙauyen ne dubban jirage suka fita zuwa Rasha, Siriya, Biyetnam, Kyuba, Habasha, Aljeriya, har da Kano. Kamfanin a Prag aka kafa shi a 1919, sai a 1953 ya dawo nan.

Talata na koma Kbely, kuma shiga kyauta ce, ko sisi. Wurin shi ne tsohon filin jirgin Prag kafin a buɗe na yanzu a 1937, har gobe kuma sojoji na amfani da wani ɓangarensa. Gidan tarihin an buɗe shi a 1968. Rumfuna ne a jere, kowace da zamaninta. Na wuce jiragen katako da ƙyalle na yaƙin duniya na farko, na wuce na biyu, na ɗan tsaya a gaban ƙwanson kumbon Soyuz 28 wanda ya dawo da ɗan sama jannatin ƙasar, Vladimír Remek, daga sararin samaniya a 1978, duk jikinsa a babbake kamar tukunyar da aka manta a murhu. Daga nan ban ƙara kula kowa ba, domin na hango wata wutsiya da na sani.

Delfin ke nan. Wutsiyarsa kamar harafin T take, ƙananan fukafukan baya sun hau can ƙololuwa. Akwai wani tsohon hoto a zauren Kawu, yana saurayi ya dafa irin wannan jirgin, kuma tun ina yaro wutsiyar nake kallo. A fili ya fi ƙanƙanta da yadda na zata. Gajere ne, mai kauri, fukafukansa a miƙe sambal, ƙofofin shan iskar injin suna gindin fukafukan. Ba shi da wani kyau na a zo a gani. Kamar Fijo 404 yake a cikin jirage.

Labarinsa shi ne abin sha'awar. A ƙarshen shekarun 1950 ƙasashen ƙawancen Waso, wato Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta na gabashin Turai, suna neman jirgin jet guda da za su riƙa koya wa matuƙansu a kai, maimakon a ɗauko yaro daga jirgi mai farfela a jefa shi cikin jirgin yaƙi na MiG. Injiniyoyi biyu, Zdeněk Rublič da Karel Tomáš, su suka zana na Cekoslobakiya. Ya fara tashi ranar 5 ga Afrilu 1959, kuma abin dariyar shi ne da injin Ingila ya tashi, Viper, domin nasu na gida, M-701, bai kammala ba tukuna. A 1961 aka kai shi gasa a Monino kusa da Masko, ya kara da Iskra na Folan da Yak-30 na ita Tarayyar Sobiyet kanta. Ɗan ƙaramar ƙasa ya kayar da mai gida a gidansa. Folan ta yi fushi ta riƙe nata, sauran duka suka karɓi Delfin. Daga 1963 zuwa 1974 an ƙera sama da 3,500, kuma fiye da 2,000 Sobiyet ce ta kwashe.

Mu kuwa ba karatu ne ya fara kawo mana shi ba. A 1967 da yaƙin basasa ya ɓarke, rundunar sojan saman Najeriya shekararta uku da kafuwa, ba ta da jirgin faɗa. Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Gowon jirage, sai ta juya gabas. Jiragen MiG-17 a Kano aka sauke su, Delfin ma a shekarar ya iso, aka rataya masa bindiga da roka aka tura shi fagen daga. Jirgin da aka ƙera don yaro ya koyi sauka lafiya, da shi aka yi ta ruwan wuta a kan garuruwa. Sai bayan an ajiye makamai ya koma sana'arsa ta asali. Na daɗe tsaye a wurin ina tunanin cewa wanda ya tashi a Enugu ko Owerri, in ya ga wannan wutsiyar, ba hoton zauren kawunsa zai tuna ba.

Ina nan a gaban Albatros, na tsuguna ina leƙen ƙafarsa, sai wani dattijo mai jaket ɗin fata ya tsaya a kaina, jikansa riƙe da hannunsa. Ya ga ba kallon baƙi nake yi ba. Da guntun Turancinsa da nawa muka fahimci juna: shi ma makanike ne a sojan samansu, ya yi ritaya. Na ce daga Najeriya nake, Kano. Ya ɗaga yatsa ya ce, "ZA!" Wato samfurin da muka saya, L-39ZA, mai bindiga mai baki biyu ta milimita 23 a ƙarƙashin ciki da marataya huɗu a fukafukai. Guda 24 Najeriya ta saya a tsakiyar shekarun 1980, aka kai su makarantar koyon tuƙi ta Kano.

Dattijon nan ya zagaya da ni jirgin kamar mai nuna saniyar da zai sayar. Ya nuna mini ƙofofin shan iska, waɗanda a nan aka ɗaga su sama, bayan kujerar malami, saman fukafukai. Ya sunkuya ya yi kamar yana ɗibar tsakuwa yana watsawa, sannan ya girgiza kai: tsakuwa ba ta kai can. An yi shi ne don ya iya tashi daga filin ciyawa ko na turɓaya ba tare da injin ya haɗiyi dutse ba. Murafun ramin taya ma suna komawa su rufe bayan tayar ta fito, don kada laka ta shiga. Ya nuna wasu ƙananan matakai da ke buɗewa daga jikin jirgin, ba sai an jawo tsani ba. A cikinsa kuma akwai wani ɗan ƙaramin inji, Safír, wanda ke tayar da babban, don haka ba ya jiran motar ba da wuta. A bakin kowane fiffike akwai tanki mai kama da gora, mai cin lita 100. Kujerar baya an ɗan ɗaga ta don malami ya hango gaba ta saman kan ɗalibi, kuma daga inda yake zaune yana iya kashe wa yaron wasu agogunan da gangan, ya ga ko zai ruɗe. Da dattijon ya zo nan sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya kwaikwayi ɗalibi yana zare ido.

Duk waɗannan Kawu ya sha gaya mana su, muna ɗauka surutun tsofaffi ne. A wurin na gane abin da ya sa jirgin ya zauna da ƙurar hunturun Kano. Waɗanda suka zana shi, ƙarƙashin jagorancin Jan Vlček, ba su sa a ransu cewa zai samu shimfiɗaɗɗen titi da tarin kayan aiki ba. Sun ɗauka zai faɗa hannun talakan makanike a wani lungu na Rasha, mai akwatin sifana ɗaya da sanyi a yatsu. Ƙura da zafi suka maye gurbin ƙanƙara, lissafin bai canza ba.

Ranar 4 ga Nuwamba 1968 Albatros ya fara tashi, Rudolf Duchoň na tuƙi, wata biyu da 'yan kwanaki bayan tankokin Sobiyet sun shigo Prag sun murƙushe yunƙurin sassauci na Dubček, jagoran Cekoslobakiya na lokacin. Ƙasar da ta taka su ita ce kuma babbar mai sayen jirgin, kuma injinsa, AI-25TL, daga Zaporizhiya ta Yukren yake zuwa. Na gwada taɓo wannan da dattijon, ya ɗaga kafaɗa ya duba jikansa, na bar maganar. An ƙera sama da 2,800. Yana gudun kusan kilomita 750 a awa, bai kai saurin sauti ba, ba a kuma nemi ya kai ba. 'Yan sama jannatin Rasha a kansa suke motsa hannu. Libiya ta kai nata yaƙin Cadi, kuma da Cadawa suka ci sansanin Wadi Dum a 1987 sun tarar da wasu a ajiye sun kwashe. Namu na Kano ma, da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, an ɗauke su daga aji an tura su arewa maso gabas, yadda aka yi wa wansu a 1967. Yau kuma attajiran Amurka ne ke sayen tsofaffin suna wasa da su ranar hutu.

Da Sobiyet ta rushe, kasuwar ta rushe tare da ita, masana'antar ta shiga wani hali. Kamfanin Boeing na Amurka ya sayi hannun jari a cikinta a 1998, ya fita a 2004. Sun yi L-159, wanda bai samu masaya sosai ba. Sai a Disamban 2018 sabon samfuri, L-39NG, ya tashi, da injin Amurka, ba kuma gorunan bakin fiffike. Biyetnam da Hangari sun saya. Dattijon ya yamutsa fuska ya nuna bakin fiffike, alamar shi dai jirgi ba gora bai cika Albatros ba. Muka yi musabaha, na ba jikan dabino uku, ya karɓa yana kallon kakansa.

Na fita waje inda aka jera wasu jiragen a fili, ruwa da sanyi sun cinye musu fenti, na zauna a benci na jiƙa garin kunu da ruwan zafin da na roƙa a shagon shayin wurin. Abin da ya dame ni a zaune a nan shi ne Air Beetle. Mu ma mun taɓa haɗa jirgin koyo a Kaduna, guda 60, daga zanen RV-6A na Amurka, don ya gaji Bulldog na Ingila. Ba jet ba ne, ɗan ƙaramin mai farfela ne, amma hannun 'yan ƙasa ne ya ɗaura shi, kuma matuƙa da yawa a kansa suka fara barin ƙasa. Da ya tsufa sai muka tafi Fakistan muka sayo Super Mushshak a 2016. Mutanen Cek ba su kai miliyan 11 ba, jihar Kano kaɗai ta fi su yawa, amma daga Delfin suka gina Albatros, daga Albatros suka gina na gaba, kuma ko wanda suka yi ya ƙi kasuwa sun ajiye shi a rumfa da allo a gabansa. 'Yan makarantar firamare na gani an kawo su cikin layi, malama na yi musu bayani. Ni da na girma a ƙarƙashin inuwar jirgin nan, sai da na ci bizar yuro 90 kafin na tsuguna kusa da tayarsa.

Komowa ba wani labari, illa jakata da ta kwana biyu a hanya ba tare da ni ba. Washegarin isowata Kano na nufi Kurna. Rediyon nan tana nan a warware. Na miƙa wa Kawu turare da wata hular sanyi, ya ajiye su gefe ko kallo bai yi ba, ya ce, "Ina saƙona?" Na buɗe masa hotuna. Ya wuce gadar Prag da agogonta da yatsa ɗaya kamar mai korar ƙuda. Da ya zo kan Delfin sai ya yi shiru. Ya sa na buɗa masa hoton, ya ce in matsa ƙasa, in ƙara matsawa, har muka iso wani ɗan murfi a gefen hanci.

"Ka ga nan? Sukurori ne a jere. Na ƙarshen nan kullum sai ya ba mutum wahala. Wani Bature ɗan ƙasarsu da ya koya mana, da gefen kwabo yake kwance shi."

Na ba shi labarin dattijon da tsakuwarsa, ya yi dariya har da tari, ya ce ai duk makaniken duniya uwarsu ɗaya. Sannan ya koma kan hoton Albatros, ya kawo wayar dab da tabarau, ya daɗe yana duban ƙafar hagu.

"Wannan tayar tasu ba iska," in ji shi. "Je ka wanko mini shi babba, ka sa a gilashi. Amma a yanke wajen tayar."